Katin da aka kife ba a tona shi

Ɗana, saƙonka ya same ni a cikin mota, ina jiran fasinja a bakin titin Fordham a nan Bronx, kuma sai da na karanta shi sau biyu. Ka ga hoton da yayarka ta sa a Facebook, ina zaune a tebur da karta a hannu, ga kwabban roba jibge a gabana, shi ne kake tambaya ko mu Hausawan Amurka har mun kai ga zaman caca da surukai. Ka ce ka leƙa irin wasan a waya, ka ga wanda aka cinye yana tura katinsa a kife ba ya nuna wa kowa, wai wasan da ake irin wannan ɓoye-ɓoye ai na 'yan damfara ne. Tambaya ta uku ba ka rubuta ta ba, amma na ji ta, domin na sha jin ta daga bakin waɗanda suka girme ka: wai ko akwai sauran Hausanci a jikinmu.

Maganar caca gajera ce. Ba a sa ko sisi a teburin nan. Kwabban roba ne, daga akwati ake fito da su, cikin akwati ake mayar da su. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida na wanke ta a allo a unguwar Aboabo ta Kumasi, a Gana, tun ba a haifi mahaifinka ba. Limaminmu ba ya son karta ko babu kuɗi a ciki, ya faɗa mini, ban yi masa musu ba, shi ya sa sau ɗaya nake zama a shekara. Ku ma ai kuna buga wot a majalisa bayan la'asar, kamar yadda samarin zangon Kumasi ke buga sipa, kati biyar-biyar, wanda ya ci zagayen ƙarshe shi ke da maki.

Gidan da ka gani na mahaifin mijin yayarka ne, a Newark. Na san abin da aka riƙa faɗa a Kano lokacin auren, wai na ba Bature 'yata. Yaron baƙar fata ne kamar ni da kai, a Musulunci aka haife shi. Mahaifinsa yana cikin dubban baƙaƙen Amurka da suka bi Imam Warith Deen Mohammed zuwa tafarkin Sunna bayan 1975, kuma ban taɓa riga shi shiga masallaci da asuba ba in na kwana a gidansa. Sun zo neman aure, na ce a al'adarmu sai da goro, suka shiga shagunan mutanenmu suka nemo shi, suka biya sadaki, aka ɗaura a masallaci a gaban jama'a. Rabin danginsu Kirista ne, wannan gaskiya ne. Ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, ranar da Amurkawa ke bikin godiya, dukkansu suke taruwa a ci talotalo, mu kuma uwargida ta kai tukunyar shinkafa da wake da mutanen Gana ke kira wace. In an ci an sha, an yi sallar isha'i, sai tsofaffi su jawo akwatin karta. A ce suruki ya kira ka teburinsa ka noƙe, a wurinsu kamar a miƙo maka ƙwaryar fura ne ka kau da kai.

Wasan shi ne wanda suke kira poker, mu mu ce foka. Asalinsa nasu ne, daga wajen New Orleans da jiragen ruwan kogin Misisifi ya bazu, shekara kusan ɗari biyu ke nan. A irin wanda muke bugawa, kowa kati biyu ake ba shi a kife, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya kowa na gani, uku tukuna, sai ɗaya, sai ɗaya. A kowane mataki ko dai ka zuba, ko ka biya abin da wani ya zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka yar da katinka ka huta. Rabin wasan burga ce. Mutum na riƙe da tarkace amma ya zuba kamar mai sarki biyu, don ka tsorata ka janye. In kowa ya janye ya bar shi, ya kwashe tarin ba tare da ya nuna komai ba, kuma babu mai ikon cewa sai ya gani. Ba ka biya ba, ba ka gani.

In kuwa mutum biyu ko fiye suka kai ƙarshe, sai a baje. Wanda ya yi zubin ƙarshe shi zai fara buɗewa. In ba wanda ya zuba a zagayen ƙarshe, na hagun mai rabon kati ne ke farawa. Wanda ya ga an fi shi yana da zaɓi, ya buɗe nasa ko ya tura su a kife zuwa jujin kati, wato tarin katin da aka yar. Abin da ka gani a waya ke nan har ka kira shi damfara.

To akwai wata tsohuwar ƙa'ida da na koya daga ƙanen mai gidan, wanda ya yi shekaru yana rabon kati a gidajen caca na Atlantic City kafin ya yi ritaya. Duk wanda aka raba wa kati a wannan zagaye, ko da ya janye tun farko, yana iya cewa a buɗe masa katin da ya kai ƙarshe aka kife shi. An yi ta ne saboda abu ɗaya tak, haɗin baki. Mutum biyu na iya shirya wa na uku gadar zare, wannan ya ƙara, wancan ya ƙara, har na tsakiya ya gaji ya fita, sannan ɗayan ya kife katinsa su raba riba a waje. In aka buɗe aka ga ba shi da abin da zai sa ya yi ta ƙari haka, asiri ya tonu. Mai rabo yakan ɗauki katin ya taɓa shi da jujin tukuna, alamar ya mutu, sannan ya juya shi, don kada a ce ya ci. Amma in wanda ya yi nasara ne da kansa ya nemi gani, katin na nan da ransa. Tsohon ya ce ya sha ganin mai kifewa bai karanta katinsa daidai ba, mai nasara ya ce a buɗe don ya yi masa dariya, aka buɗe, tarin ya koma wurin wanda ya riga ya haƙura. Ya ce gidaje da yawa yanzu sun ƙuntata ƙa'idar, sai ka kira mai kula da ɗaki ka faɗi dalilinka, kuma wanda ya mayar da ita abin wasa ana iya hana shi. A manyan gasa kuma, in wani ya zuba duk abin da ke gabansa, zubi ya ƙare, kowa buɗewa yake yi, babu kifewa.

Ba a zaune ƙalau ya koya mini wannan ba. A shekara ta uku da fara zuwanmu, autana, wanda aka haifa a nan, yana da shekara 19 lokacin, ya janye da wuri yana kallo. Aka bar mai gida da ƙanensa. Ƙanen ya buɗe tara uku. Mai gida ya dubi nasa, ya yi murmushi, ya tura su a kife. Sai yaron nan ya miƙa hannu ya ce yana so ya ga katin, ai ya karanta a intanet cewa haƙƙinsa ne. Teburin ya yi tsit, har ana jin ƙarar kwanuka daga kicin. Tsohon mai rabo ya ɗora yatsu biyu a kan katin, bai juya ba. Ya ce masa a hankali, haƙƙinka ne, kuma in ka sake faɗa zan buɗe, amma ka san abin da ka ce? Ka ce ni da yayana mun haɗa baki mu cuce ka a gidansa.

Yaron bai nufi haka ba, so yake ya san ko mai gida burga yake yi. Amma wannan ma laifi ne a wurinsu, neman ilimin da ba ka biya ba, da kunyata wanda ya riga ya sunkuyar da kai. Ban san lokacin da Hausa ta fito daga bakina ba. Na ce, kai, janye hannunka, ba a tona asirin babba. Ya janye. Ya miƙe tsaye ya ba da haƙuri, kuma da ya zo gaban mai gida sai na ga ya ɗan rusuna, abin da na yi shekaru ina fama da shi a kai. Aka tura katin cikin juji aka gauraya. Har yau ba wanda ya san abin da ke ciki.

A hanyar komawa gida, muna kan gadar George Washington, mahaifina ya faɗo mini a rai. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana. A cikin wannan guguwa kakanka ya hau babbar mota ya nufi Kano, mahaifina ya zauna, shi ya sa kai kake can ni nake nan. Ina da shekara 7. Mutane na sayar da gida da keken ɗinki a kuɗin da bai kai na akuya ba. Wani maƙwabcinmu, attajirin goro a idon jama'a, ashe bashi ya riga ya cinye shi, ko kuɗin mota ba shi da shi. Da tsakar dare mahaifina ya tashe ni na riƙe masa fitila, muka je ƙofar bayan gidan, ya miƙa masa ƙullin kuɗi a cikin tsumma. Da safe mutumin ya hau mota da babbar rigarsa, ana yi masa rakiya kamar yadda ya saba. Da muka dawo mahaifina ya kama kunnena ya ce, abin da ka gani jiya ba ka gani ba. Wannan ne karo na farko da na ba da labarin, kuma ka ga ban faɗi suna ba.

Saboda haka in kuna cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi, abin yana yi mini ciwo. Kakanmu ya bar Kano da jakuna yana fataucin goro zuwa Gwanja, ya yada zango a Salaga, daga baya ya sauka Kumasi, kuma ba wanda ya ce ya daina zama Bahaushe. Na yarda Hausarmu ta zango ta sha bamban da taku. Mukan ce mace ya zo, ku yi ta dariya, kuma jikokina suna amsa mini da Turanci in na yi musu magana. Wannan na ƙarshen yana hana ni barci wani lokaci, ba sai an tuna mini ba. Amma ka zo ranar suna ka ga yadda ake raba goro da koko da ƙosai a hawa na shida ana zuba dusar ƙanƙara a waje. Ka zo ranar da ɗayanmu ya rasu ka ga yadda direbobin tasi ke ajiye motoci su haɗa kuɗin jana'iza kafin azahar, ba tare da matarsa ta san wa ya ba da nawa ba.

Yayarka ta kira ni jiya, ta ce in hoton yana jawo surutu za ta cire shi. Na ce ta bar shi. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata daddawar da ta aiko ta ƙare tun kafin azumi.