Ga ƙanina mai neman furanni a hanyar Pitowa

Wa alaikumus salam ƙanina. Tun da na ga tambayarka na kasa wucewa, don abin da ya same ka shi ya daɗe yana cin raina. Ka ce ka fita daga Garwa, nan arewacin Kamaru, bayan ruwan farko, ka bi hanyar Pitowa har gindin duwatsun Tingelin, ba ka tarar da komai ba sai busasshiyar ciyawa da ƙura, 'yan furannin da ka samu kuma hotonsu ya fito fari fat, ya yi dishi-dishi. Har kana tambaya ko dai yankinmu ba shi da fure ne. Wallahi akwai, kada hotunan da ake turowa daga Faransa a watan Afrilu su karya maka gwiwa. Namu ba sa fitowa lokaci guda su rufe fili, kowanne da ranarsa, wasu ma kwana kaɗan suke yi su bushe.

Ruwan farko na Garwa ba ya tayar da komai, ƙura kawai yake kwantarwa. Jira wanda zai jiƙa ƙasa sosai har ya kwanta a kwari, ka ba shi 'yan kwanaki, sannan ka nufi fadamu. A nan albasar kwaɗi take ɓullowa, doguwar kara ɗauke da fararen furanni masu jan layi a tsakiyar kowane ganyen furen. Idan ka yi jinkirin mako guda, sai dai ka tarar da su a langaɓe. Kuma ka tuna damina daga kudu take hawowa. Ngaundere, da ke samun ruwa kusan milimita 1500 a shekara, tana jiƙewa tun ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Mu a Garwa namu wajen 1000 ne, sai Mayu yake kankama, Marwa kuwa da ƙyar take wuce 800, sai an shiga Yuni. To in ka rasa abu a nan, ba ka rasa shi a shekarar ba, sai ka bi shi arewa. Ni in na ƙosa, mota nake shiga zuwa wajen gangaren Mbe a hanyar Ngaundere, don can ƙasa ta riga ta yi kore mu muna fama da zafi.

Abin da ya fi ba ni tausayinka shi ne ka wuce wasu ba ka ɗaga kai ba. Yawancin itatuwanmu kafin ruwa suke fure. Marga a Maris da Afrilu take sakin dogayen zangarnu rawaya suna reto, itacen kusan ba ganye. Ɗorawa ta riga ta, jajayen ƙwallayenta tun Fabrairu suke lilo. Gurjiya a tsakiyar sanyi take yin ja, Disamba da Janairu, sai dai ka yi sammako don mata na tsince furen saboda miya. Inda aka ƙona daji kuma, duba ƙasa, za ka ga furen rawaya manne da baƙin toka, ba kara ba ganye.

Sai itacen kariya, mai ƙaton gindi. Ƙanina, ka yi haƙuri, in na zo kan kariya zuciyata ba ta iya yin shiru. Akwai wani tudu mai duwatsu da na sani tsakanin Figil da Gidar, ba zan faɗi daidai wurin ba ko da yanzu babu abin da ya rage. Tsofaffin kariya ne a wurin, gindin wata sai ka sa hannu biyu ba ka zagaye ta ba, sun cusa saiwa cikin tsagar dutse. Da rani, babu ganye ko ɗaya a jikinsu, sai furanni jaja-jaja masu fari daga ciki. Shekara da shekaru nake zuwa musu. Wani mutum ya yi ta bina da Malam don Allah koya mini ɗaukar hoto, Malam ina son daji. Na ɗauke shi a babur ɗina, da man da na saya, muka ci abinci kwano ɗaya a gindin dutsen. Yana ta tambayata shekarunsu, ko suna kamawa in an dasa, ni kuwa ina ba shi amsa da zuciya ɗaya don na ga mai son sani.

Da rani ya zagayo na koma, ramuka na tarar. Ramuka kawai, da guntayen saiwa da aka datse da gatari, ruwan jikinsu ya bushe a kan dutse. Babbar da ta gagare su cirewa sun sassare mata rassa suka bar kututturen yana ruɓewa. Wani yaro mai kiwon awaki ya ce mini da mota suka zo, kuma ya siffanta mini mutumin har hular da yake sawa. Na zauna a wurin na rasa abin yi, ko kyamarar ban fito da ita daga jaka ba. Bayan nan da idona na gan su a cikin tukwanen siminti a bakin titi, an sa musu kuɗi, rabinsu sun fara laushi don ana ta banka musu ruwa kullum, ita kuwa kariya yawan ruwa ke kashe ta. Da na yi wa mutumin magana, buɗar bakinsa sai ya ce ai na daji ne, ba gonar kowa ba. Har yau in muka haɗu shi ke fara miƙo mini hannu kamar ba abin da ya faru. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba. Itacen da ya girme shi, ya tumɓuke shi a yini guda don kuɗin da ba zai kai masa wata ba. Shi ya sa nake roƙonka, da duk wanda ke karanta wannan a cikinmu, in ka samu wuri mai kyau, sa hoton, faɗi yankin, amma kada ka faɗi kwanar da aka bi. Ka kuma kashe abin nan na waya da ke liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi. Ruwan kariya guba ne, da shi ake dafin kibiya a da, kada ka karya reshe ka shafa ido.

Batun hotonka da ya yi fari, rana ce ta cinye shi. In ƙarfe tara ta wuce a watan Mayu, ajiye waya. Fita da asuba, ka kasance a wurin kafin ƙarfe shida da rabi, lokacin iska ba ta tashi ba, furen yana tsaye cak. Dishi-dishin nan yawanci iska ce ke kaɗa shi, ko kuma ka matsa fiye da yadda wayar za ta iya gani. Ja baya kamar taƙi ɗaya, taɓa furen a fuskar wayar, ka ja hasken ƙasa kaɗan. Kada ka jawo hoto da yatsa, ƙafarka ta kai ka. Goge gilashin da bakin riga kafin kowane ɗauka, ƙurar hanya ba ta barin sa. In rana ta riga ta yi, tsaya ka yi wa furen inuwa da jikinka ko malafa. Durƙusa ka daidaita da shi, har ka ga raɓar da ke kan gashin karansa da 'yar ƙudan zumar da ta cusa kai ciki, bayansa kuma ya zama duhun ganye, ba farin sama ba.

Amma kafin ka durƙusa, buga wurin da sanda. Kwarin Binuwai gidan kububuwa ne, kuma farkon damina ne take yawan saran mutane. Sa takalmi rufaffe, ka bar silifa a gida. In ka isa ƙauye, fara gaida jauro, wato mai gari, ka faɗi abin da ya kawo ka, mutum da kyamara a bakin gona abin zargi ne in ba a san shi ba. Sau da yawa ma yaran garin ne za su kai ka inda furen yake. Kusa da gada ko shingen jami'an tsaro, mayar da wayar aljihu. Gandun dajin Binuwai kuma ba a shiga sai da izini da ɗan rakiya. Kada ka tsallaka mayo, wato rafi, in ka ga hadari a kan duwatsu, ruwan yana zuwa ne daga inda ba ka gani. Baƙar ƙasar laka da ake kira karal ma in ta sha ruwa, tura babur ɗin za ka yi.

Wani abin da ke damuna kwanan nan shi ne feshin maganin ciyawa. Da ruwa ya zauna manoma ke fesa gonaki har bakin hanya, wurin da ka gani kore yau, jibi ya ƙone. Ban ga laifinsu ba, abinci suke nema, amma ka riga su, ko ka nemi gefen dutse da bakin rafi inda garma ba ta kaiwa.

Kada ka ajiye kyamara in Yuni ya wuce. Kuka tana fure a farkon damina, fari babba a rataye, da magariba yake buɗewa don jemagu, washegari ya fara yin ja ya faɗo, to ko dai da fitila ko da sassafe. Agusta zuwa Oktoba bi hanyar Lagdo, kududdufai cike suke da bado, farin yana rufewa kafin hantsi ya yi nisa, duman rafi ma haka. Ƙuduji zai yi maka kyau a cikin dawa, ɗauki hotonka ka yi shiru, kada ka yaba shi a gaban mai gonar, don shi ne ke shanye masa amfanin. In ruwa mai ƙarfi ya sauka a makon nan, turo mini saƙo ni kaɗai, mu fita tare bayan sallar asuba. Ka zo da ruwan sha, ka kuma cika tanki tun daga gari.