Injin yankan sitika a gida, in saya ko in dakata?

Wata ƙanwata daga Birni ta turo min saƙo tace: "Malam, na tara jika 300 a adashe, ina so in sayi ɗan injin nan Cricut da nake gani a TikTok ina yin sitika da rubutun riga a gida, shin da ci a ciki?"

Toh ƙanwata da ci, amma kuɗin ba a injin suke ba, a komand suke. Injin nan yanka kawai yake yi, ba ya buga hoto, leda mai kala zaki saka mai ya yanke abinda kika zana a ordinater ko waya, faɗin tabarmarsa mai danƙo da ake manna ledar a kai inci 12, wajen santimita 30 kenan. Sauran aikin duk naki ne, ki zauna da ɗan tsinke kina tsince ledar da ba a so harafi bayan harafi, wlh nan ne bayan mutum ke ƙagewa, kuma nan ne masu farawa ke mantawa basu sa shi a farashi ba.

Kafin ki fidda ko dala, ki zaga wajen masu humra da turaren wuta na unguwarku, dubi kwalabensu, da yawa babu suna babu lamba. Su kullum suna buƙatar sitikar kwalba, ba sai Sallah ba. Sai masu lalle, ki yanka musu zanen fulawa su manna a hannu su shafa. Na biki da suna ma akwai, da lambar mayo ta samarin ƙwallo, amma wannan zuwa yake yana wucewa. In mutum biyar suka ce zasu ba da abans, saya.

Kar ki zuba jika 300 ɗin duka kan inji. Leda zata ƙare, wuƙar zata dushe, tabarmar kuma ƙurar hunturun Damagaram tana kashe mata danƙo in ba kya rufewa, sannan kayan nan sai kin aika Kano ko Yamai, kuɗin mota a kanki. Ki ware kashi uku cikin goma na kuɗin don wannan.

Ni da ni ce ke Silhouette Cameo, wani injin yanka irinsa, zan duba tukuna, manhajarta na aiki ko babu intanet, ta Cricut kuwa ta fi son konekshon.

Rubutun riga ki bar shi sai gaba. Yana son injin matsa mai zafi, wajen digiri 150, dutsen guga na yi amma wanki kaɗan sai rubutun ya fara ɗagowa mai riga ta dawo miki da ita. Ranar da zaki sayi injin matsan ki tabbatar mai volt 220 ne, in aka kawo miki na Amurka mai 110 kika jona a kuran ɗinmu ya ƙone kenan. Kuma a juya rubutun kafin yanka, kamar a madubi, in ba haka ba a baibai zai fito a ƙirjin mutum.