Tambayoyinku: Mastar kan kare namun daji, akwai abinci a ciki kuwa?

Salam Kawu, ni ɗalibi ne daga Marwa, na gama lisans ɗina a fannin ilimin halittu, ina so in yi mastar kan kula da dazuzzuka da namun daji amma Baba ya ce wai karatun gadin birai ne. Dan Allah ina ake yi, kuma ana samun aiki?

Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaida Baba, ka ce masa Kawu ya ce a yi haƙuri a saurare ka.

Wurin karatu dai akwai. Jami'ar Dschang ta daɗe a harkar gandun daji, tana da cibiyar CRESA a Yawunde mai ba da mastar, in kuma kana son fita waje akwai makarantar dazuzzuka ta ERAIFT a Kinshasa. Makarantar namun daji ta Garwa kuwa tun 1970 take horar da ma'aikatan gandu daga ƙasashen Afirka da dama, can ne ake koyon aikin cikin daji na gaske.

Amma bari in faɗa maka abin da yara ba sa so su ji, wannan aikin rabinsa da mutane ake yi ba da dabbobi ba. Dubi gandun namun daji na Waza, da aka gina madatsar Maga a 1979 saboda noman shinkafa ruwan da ke malala fadamar Logone ya ragu, ciyawa ta mutu, kifi ya ja baya, makiyaya da masunta da namun dajin duk suka shiga wahala tare. To wanda zai gyara irin wannan ai sai ya iya zama a ƙofar lawan ya saurari manomin da giwaye suka tattake masa dawa a dare ɗaya, kuma nan ne Hausarka da Fulatancinka za su yi maka rana fiye da takardar ma.

Haɗari fa akwai shi, a 2012 mahara a kan dawakai sun kashe ɗaruruwan giwaye a gandun Bouba Ndjida. Amma Zakouma, gandun namun daji ta Cadi, da giwayenta suka faɗo daga wajen 4,000 zuwa ƙasa da 500 ta farfaɗo bayan ƙungiyar African Parks ta karɓi ragamarta a 2010.

Aiki kam ba ya zuwa har gida, ma'aikatar gandun daji sai da konkur, wato jarrabawar ɗaukar aiki, ƙungiyoyi kuma kwantiragi ne. Ka koyi zana taswira da kwamfuta, ka gyara Turancinka, sannan ka nemi sitaj, wato koyon aiki, a gandun Benuwe ko na Faro tun kafin ka zaɓi batun bincikenka.