Kalsiyam da Ruwan Cikin Ƙwayoyin Jiki: Amsoshin Likita

Tambaya: Likita, ɗana yana da sikila. Na ji an ce kalsiyam ne ke busar da ƙwayoyin jininsa. Shin in rage masa abinci mai kalsiyam?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya, amma kada ki rage masa komai. Abin da kika ji gaskiya ne, sai dai an ba ki rabinsa.

Kalsiyam da ke kewaye da ƙwayar halitta ya ninka na cikinta aƙalla sau 10,000. Saboda haka ko ɗan ƙanƙani ne ya kutsa ciki, ƙwayar tana ɗaukarsa a matsayin umarni. A jikin jar ƙwayar jini akwai wata ƙofa da ake kira Gardos, sunan masanin ƙasar Hangari da ya bayyana aikinta a 1958. Da zarar kalsiyam ya shiga sai ta buɗe, sinadaran gishirin da ke cikin ƙwayar su fita: fotasiyam ya fice, kuloraid ya bi bayansa, ruwa kuma duk inda gishiri ya nufa can yake bi. Sai ƙwayar ta motse.

A mai sikila, duk lokacin da ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje, fatarta tana barin kalsiyam ya shiga. Gardos ta buɗe, ruwa ya tsiyaye, himoglobin ɗin ciki, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin, ya yi kauri, kaurin kuma ya sa ta sake lanƙwashewa da wuri. Wannan yana cikin dalilan da ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 take mutuwa cikin 10 zuwa 20. Matsalar tana ga ƙofar, ba ga abin da yaro ya ci ba, domin jiki da kansa yake daidaita kalsiyam na cikin jini. Ƙasusuwansa ma suna buƙatarsa. Abin da ke hannunki shi ne ruwa: kada ki bari ƙishi ya kama shi.

Tambaya: To me ya hana a yi maganin da zai rufe wannan ƙofa?

Amsa: An yi, sunansa senicapoc. Ya ƙara yawan jini, ya rage busassun ƙwayoyi, amma bai rage tashin ciwon ba, sai aka dakatar da gwajin. Ni kaina na so a ce ya yi aiki. Yanzu an zura ido kan Piezo1, ƙofar da ke buɗewa idan an matsa fatar ƙwaya ko an ja ta, kalsiyam ya shiga ta nan. An gano ta a 2010, kuma tana cikin aikin da ya ba masanin kimiyya Ardem Patapoutian kyautar Nobel a 2021.

Tambaya: Likita, tun da na fara shan amlodipine saboda hawan jini, ƙafafuna suke kumbura da yamma. An ce yana toshe ƙofofin kalsiyam. Ƙwayoyin jikina ne suka kumbura?

Amsa: A'a, Alhaji. Maganin yana sassauta ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ne, ruwa ya riƙa tsattsafowa yana taruwa a tsakanin ƙwayoyin, ba cikinsu ba. Kada ka daina sha da kanka. Koma wa likitanka, zai iya rage shi ko ya haɗa maka da wani. Idan kuwa ƙafa ɗaya ce kaɗai ta kumbura tana zafi, ko numfashi yana yi maka wuya, kada ka kwana ba ka je asibiti ba.