An dakatar da ni a gidan cacar ƙabila saboda sallar Juma'a, ina zan kai ƙara?

Tambaya: Barista, ina aikin girki a otal ɗin wani gidan caca mallakar ɗaya daga cikin ƙabilun 'yan asalin Amurka. Na roƙi a sauya mini lokacin aiki don in samu Juma'a, shugabana ya ƙi, da na tafi masallaci aka dakatar da ni. Abokai sun ce in je EEOC, hukumar tarayya mai binciken koken wariya a wurin aiki.

Amsa: Ɗan'uwa, na tausaya maka, amma kada ka yi gaggawa. Ɗauko takardar albashinka, ka duba sunan wanda ke biyanka. A nan gizo ke saƙar.

Idan sunan ƙabilar ne ko hukumarta ta caca, EEOC ba za ta yi maka maganin komai ba. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, wadda ta tilasta wa masu ɗaukar ma'aikata sassauci kan ibada, ta cire ƙabilun nan ƙarara daga cikinta. Doka tana kallonsu a matsayin gwamnatoci masu cin gashin kai, ba a maka su a kotu sai da amincewarsu ko izinin majalisar tarayya. Idan kuwa wani kamfani ne daga waje ya kama hayar wurin abincin, to dokar tana hawa kansa muddin ma'aikatansa sun kai 15, kuma kana da kwana 180 ka shigar da koke, a jihohi da dama har 300.

In ƙabilar ce uwar gijiyarka, ba a rufe maka ƙofa ba. Nemi kundin ƙa'idojin ma'aikata da aka ba ka ranar da ka fara aiki, wanda na san yawancinmu jefa shi muke a durowa. A ciki za ka ga matakan ɗaukaka koke da wa'adinsu, wani lokaci 'yan kwanaki ne kacal. Ƙabilu irin su Mohegan da Mashantucket Pequot a jihar Konetikat suna da dokokinsu na hana wariya da kotunansu. Yarjejeniyar caca tsakanin jiha da ƙabila ma takan ƙunshi irin wannan sharaɗi, kamar yadda ake gani a Kalifoniya.

Akwai kuma wata hanya. Idan ku biyu ko fiye kuka nemi sauyin tare, dokar ƙwadago ta tarayya tana iya kare ku, domin a 2007 kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta tabbatar a shari'ar San Manuel cewa NLRB, hukumar tarayya mai kula da dangantakar ƙwadago, na da hurumi a gidan cacar ƙabilar San Manuel. Wa'adin kai mata koke wata shida ne.

Abin da ya fi damuna shi ne lasisinka na yin aiki a gidan caca. Hukumar cacar ƙabila ce ke ba da shi, daban da masu gudanar da otal, kuma in aka soke shi, samun aiki a wani gidan zai yi wuya. Don haka kada ka sa hannu a takardar amsa laifi ko ta ajiye aiki kafin lauyan da ke da izinin tsayawa a kotun wannan ƙabila ya karanta ta. Yau ɗin nan ka rubuta ranaku da sunayen shaidu, ka adana saƙonnin da kuka yi da shugaban naka.