Ƙaninki ba ya buƙatar izinin inshora kafin likita ya duba shi

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto daga Bronx a Amurka. Ƙaninta kwana huɗu bai runtsa ba, yana ta magana shi kaɗai, jiya kuma ya ce mata ya gaji da duniya. A bayan katin inshorarsa an rubuta sai an nemi izini kafin a kwantar da mutum, mutanen gida kuma sun ce iska ce, a bari a gama ruƙiyya tukuna.

'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Amma don Allah kada ya sake kwana a gida haka. Wanda ya furta wannan magana ba a jira masa wayewar gari. Ki kwashe magunguna da wuƙaƙen kicin ki kulle, wani ya zauna da shi, ku wuce sashen gaggawa na asibiti. In ya ƙi fita, ki kira 988, layin da aka buɗe a 2022 don irin wannan hali. In ya riga ya sha wani abu, 911 za ki kira, ki faɗa tun farko cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne.

Rubutun bayan katin nan bai shafi gaggawa ba. Dokar EMTALA ta 1986 ta wajabta wa duk asibiti mai sashen gaggawa da ke karɓar Medicare (inshorar lafiya ta gwamnati, galibi don tsofaffi), wato kusan dukkansu, ya duba wanda aka kawo, ya kula da shi har haɗarin ya lafa, ko yana da inshora da takardun zama ko babu. Ciwon ƙwaƙwalwa yana ciki. Maganar izini sai daga baya, idan likita ya ga a riƙe shi kwanaki, kuma galibi asibitin ne ke nema. In kamfanin inshorar ya ƙi, ki karɓi ƙin a rubuce, likitan ya ɗaukaka ƙara ta gaggawa. Dole su amsa cikin awa 72. Takardar kuɗi na iya biyo baya, shi ya sa tun kuna can ki tambayi ma'aikaciyar jin daɗin marasa lafiya zancen Medicaid na gaggawa, wato tallafin gwamnati na biyan kuɗin asibiti ga masu ƙaramin ƙarfi.

Ki nemi tafintan Hausa, kyauta ne, ko ta waya a haɗa ku. Ita kuwa Inna, ki kira ta daga asibitin ki ce su ci gaba da addu'a, babu likitan da zai hana ki yi masa tofi a bakin gado.