Kafin ka je Ladipo sayen masta, gwada birkin da ƙafarka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun safe na ga tambayarka, ina Mile 12 wajen lodi, sai yanzu na samu zama. Ka ce an canja wa Corolla ɗinka ta 2006 fad na gaba, wato takalman birkin da ke matse farantin taya, an cire iska daga layin man birki har sau biyu, amma in ka taka birki sai ka ji kamar soso ka taka, ga shi bakanike ya ce ka kawo kuɗi a sayo masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota. To, riƙe kuɗinka tukuna. Wataƙila mastan ne, amma ƙafarka za ta gaya maka kafin aljihunka ya sha wuya.

Kashe motar, ka taka birki sau biyar ko shida a jere, sannan ka danne shi ka riƙe kamar rabin minti. In ya yi tauri bayan ka yi famfo, ya tsaya inda yake, to iska ce a layi, ko kuma shu, wato takalman birkin baya, sun yi nisa da duram ɗin da suke matsewa. In kuwa kana riƙe da shi yana sulalewa ƙasa a hankali, kuma man birkin bai ragu a tankinsa ba, wannan masta ne, robobin cikinsa ke barin mai ya koma baya. In man yana raguwa, akwai yoyo. Leƙa cikin tayoyin baya, sau da yawa za ka ga jiƙa a gindin duram. Abu ɗaya kada ya ruɗe ka: in ƙafarka na kan birki ka tayar da inji, zai ɗan sauka kaɗan. Wannan aikin busta ne, abin da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi wajen taka birki, lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya sa na dage, ni ma an taɓa yi mini. Wata tsohuwar Camry da na riƙe, kalifa ɗaya, wato ƙarfen da ke matse fad a kan faranti, ta maƙale, na ce a canja duka biyun na gaba da tokumbo. Daga ranar birki ya zama kunu. Aka cire iska, aka sake cirewa, aka ƙarar da kwalba uku na mai. Aka ce masta, na saya. Shiru. Mako biyu ina tuƙi da famfo, a Oshodi saura ƙiris in shige bayan wata danfo, kwandastan ya leƙo ya yi mini zagin da har yau ban nemi fassararsa ba. Daga baya wani dattijon bakanike a wajen Idi-Araba ya sa aka cire taya, ya durƙusa, ko sifana bai ɗauka ba, ya nuna da yatsa ya ce, "Alhaji, dubi nifil ɗinka." 'Yar ƙusar da ake kwancewa iska ta fita, tana ƙasan kalifa maimakon sama. Ashe yaran sun ɗaura ta dama a hagu, ta hagu a dama. Iska sama take hawa, ko shekara za a yi ana bilidin, wato cire iskar, ba za ta fito ta ƙasa ba. Aka sauya su, minti ashirin, birki ya dawo kamar dutse. Mastan da na cire lafiyarsa lau, yana nan a but ɗina har na sayar da motar.

Saboda haka tambayi bakanikenka ko sun kwance tiyo sun cire kalifa, ko fad kaɗai suka taɓa. In fad ne kaɗai, a duba sandunan da kalifa ke zamewa a kansu. Ruwan da muke kutsawa a watan Yuni da Yuli yana sa su tsatsa, in ɗaya ya cije, fad ba ya zama daidai a kan faranti, birki sai ya yi tsawo. Irin Corolla ɗinka kuma yawanci duram ne a baya. Ja birkin hannu ka ji: in ya tafi can sama kafin ya kama, a matso da shu. Wannan aikin kuɗin shayi ne kawai.

Wajen cire iskar ma akwai ɓarna. Yaron gareji zai shiga ya narka birki har ƙasa da ƙarfinsa duka. A tsohuwar mota, can ƙarshen cikin masta akwai datti da tsatsa inda roba ba ta taɓa kaiwa ba, tana gogar wurin sai ta yage. Wato mastan da ya zo lafiya, a garejin ake kashe shi. Ka sa a ajiye ɗan katako ƙarƙashin fedar. A fara daga tayar baya ta dama, sai baya hagu, gaba dama, gaba hagu, kuma kada a bari tankin ya ƙafe ko sau ɗaya. In ya riga ya ƙafe kuma motar mai ABS ce, na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki, iska na iya shiga akwatinsa, sai an kai wa mai kwamfuta ya buɗe bawul ɗin.

Man birkin kansa, yaushe rabon da a zubar da shi duka? Yana shan danshi daga iska, ka kuwa san Legas. Man birki nau'in DOT 3 sabo sai zafi ya kai digiri 205 yake tafasa, in ya sha ruwa yana saukowa wajen 140. Ka yi awa guda a gosulo kana taka-saki, ko ka sauko gada da kaya, sai ya tafasa ya yi kumfa, feda ta tafi ƙasa, in ya huce ya dawo kamar ba a yi ba. In launinsa ya koma kamar baƙin shayi, a wanke layin gaba ɗaya. Ni duk shekara biyu nake yi. Sayi kwalba a rufe, ka buɗe da hannunka, DOT 3 ko DOT 4 kamar yadda aka rubuta a murfin tankin. DOT 5 daban ne, ba a haɗa shi da su. Kuma don Allah duk wanda ya ce a ɗan ƙara man giyar mota "kafin a samu", ka hana shi, robobin duka zai kumbura.

Ka yi gwajin ƙafar nan yau da daddare ka faɗa mana ko ya tsaya ko ya nutse. Kafin nan dai kada ka hau gadar Third Mainland da motar.